Fodkas daga Damagaram: ba a ba asid ruwa ya sha

Hadiza: Salamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Damagaram. Yau ni da Ibro muna tare da Malam Sani mai koyar da shimi a lise. Malam ina wuni, ina gajiya?

Malam Sani: Lahiya lau Hadiza, ba gajiya.

Ibro: Malam ni dai abin da ke ɗaure mun kai, in za a sirka asid mai ƙarfi a labo an ce sai dai a zuba shi cikin ruwa, kar a zuba ruwa cikinsa. To ba duk haɗuwa za su yi ba?

Malam Sani: A'a Ibro, ba ɗaya ba ne ko kusa. Ɗauki asid sulfirik mai kashi 98, nauyinsa ya kusa ninka na ruwa, lita guda kilo 1,84 ne, kuma da ya taɓa ruwa sai zahi ya tashi nan take. In ka ɗiga ruwa kansa ruwan ba ya nutsewa, sama yake tsayawa, ɗan ruwan nan ya ɗauki zahin duka ya wuce digiri 100 ya tafasa, sai ya fantsamo maka asid a fuska da ido, kamar dai mai tuya ta ɗiga ruwa cikin mai mai zahi. Amma in ruwan ne da yawa a ƙasa, kana zubo asid kaɗan kaɗan kana motsawa, ruwan sai ya shanye zahin. Shi ya sa nake ce ma yarana ba a ba asid ruwa ya sha.

Hadiza: To a ce ina son sirkakken asid lita 1 mai mol 1, wato ma'aunin da 'yan shimi ke auna yawan sinadari da shi, Malam?

Malam Sani: Wajen mililita 55 na asid ɗin za ki auna. Ki fara sa ruwa tatacce ya wuce rabi cikin gilas na Pyrex mai jure zahi, ki girka shi cikin kwanon ruwan sanyi, ki riƙa zubawa sannu sannu ta jikin sandar gilas, ya huce tukuna kahin ki cika da ruwa ya kai lita 1. Tabarau, safar hannu, doguwar riga, duka dole. Ni wanda ya zo da silifa ba ya shigar mun labo.

Ibro: In kuma tsautsayi ya afka?

Malam Sani: Ruwa mai gudu, minti 15 aƙalla, a tuɓe rigar da ta jiƙe, kar a shafa mai ko toka, sannan a nuhi asibiti. Kuma nan ne hankalina ke tashi wallahi, kun san famfon garin nan yana iya ɗaukewa kowane lokaci, don haka ba na buɗe kwalba sai na ga bido biyu cike kusa da ni.

Ibro: Masu gyaran batir na wajen kasuwar Dole ma ya kamata su ji wannan, asid ɗin ke nan suke taɓawa da hannu.

Malam Sani: Shi ne, nasu dai sirkakke ne wajen kashi 35, amma yana huda riga, ido kuwa ba a magana.