Lissafin da ake riƙewa a hannu: lacca kan zana siffofi da buga su da injin 3D

An ɗauko wannan rubutu daga muryar da aka naɗa a wata lacca da aka yi a Tawa, gaban malaman lissafi na kwalej da na lise, da ɗalibai, da wasu masu sana'ar hannu. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamai maza da mata, iyayena maƙera da magina da ke can baya, ɗalibai, barkanku da zuwa.

Ga wani abu a hannuna, in na gama zan miƙa shi ya zagaya. Faifai biyu ne na kwali, kowane an huda masa rami 24 a baki, an ɗaura zare daga kowane ramin sama zuwa na ƙasa. In na riƙe su haka, zaren duk a tsaye suke, siffar gwangwani ke nan. To ku duba, na murɗa na sama kaɗan. Tsakiya ta tsuke, ƙugu ya fito. Malama, ke da ke gaba, taɓa ki gaya wa jama'a, akwai zaren da ya lanƙwashe? Babu ko ɗaya. Kowane a miƙe yake ɗam, amma bangon da suka taru suka yi a lanƙwashe yake. Wannan shi ne iparboloyid. Yaro zai iya haddace ekwasiyon ɗinsa har ya ci jarrabawa, bai taɓa sanin cewa da miƙaƙƙun layuka zalla ake gina shi ba. Wani injiniyan Rasha, Vladimir Shukhov, ya san haka, shi ya sa a 1896 ya ɗora tankin ruwa kan hasumiya mai wannan siffa a Nizhny Novgorod, da miƙaƙƙun ƙarafa kawai.

Irin wannan samfuri na zare ba sabo ba ne. Théodore Olivier ya yi su a Faris tun wajen 1830, masu motsi kamar wannan. Daga baya Jamusawa suka karɓi abin da gaske. A Munich, cikin shekarun 1870, Felix Klein da Alexander von Brill suka sa ɗalibansu lissafa siffofi, a sassaƙa, a zuba da filasta. Ɗan'uwan Brill, mai suna Ludwig, ya riƙa sayar da su daga Darmstadt, sannan Martin Schilling ya gaji kasuwar a 1899, kuma kundin kayansa na 1911 na ɗauke da samfuri wajen 400. Har yanzu suna nan jere cikin gilashi a jami'ar Göttingen da cibiyar Henri Poincaré ta Faris. Wanda ya fi burge ni cikinsu shi ne shimfiɗar Clebsch. Tun 1849 Cayley da Salmon sun tabbatar cewa duk shimfiɗa mai daraja ta uku wadda ba ta da tsini tana ɗauke da miƙaƙƙun layuka 27. A kan ta Clebsch, dukkansu ana ganinsu, mutum na iya bin kowane da yatsa ya ƙirga.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan tarihi shi ne su wa suka yi aikin. Ɗalibai ne. Wanda ya zauna ya lissafa inda kowane yanki zai bi, shi ya fi kowa sanin siffar, ba wanda ya saye ta ya ajiye cikin kabad ba. Shi ya sa ba na goyon bayan makarantar da za ta sayi injin 3D, ta riƙa sauke fayil daga intanet tana danna maɓalli. Za ta tara kayan ado, yaranta ba za su ƙaru da kome ba.

Bari mu ga yadda injin ke aiki. Chuck Hull ya sami lasisin mallakar dabara ta farko a Amurka a 1986, mai daskarar da ruwan roba da haske. Irin wanda ke gabanmu kuwa dabarar Scott Crump ce ta 1989: a narka zaren roba, a zuba shi sahu bisa sahu. Da wa'adin lasisinta ya ƙare a 2009 farashi ya faɗi, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Ingila a 2005, wanda ya saki zanen injin kyauta. Kusa da mu ma, a Lome, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa nasa a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci.

Zaren da muke sa masa PLA ne, kaurinsa milimita 1.75. Yana narkewa wajen digiri 200, ya fito ta baki mai faɗin milimita 0.4, kowane sahu kuma kaurinsa 0.2. Wato abu mai tsayin santimita 10 sahu 500 ne. Iyayena magina sun riga mu sanin wannan aiki, domin haka ake tada rumbu a ƙasar Adar: a ɗora sahun laka, a bari ya sha iska, a ɗora wani, kowane ya ɗan leƙo kan na ƙasansa har ciki ya buɗe, sannan a tsuke baki. In magini ya yi gaggawar leƙowa, bango ya zube. Injin ma haka. In karkatar bango daga tsaye ta wuce kamar digiri 45, robar ba ta da abin hawa, sai ta zubo a iska, sai dai a buga mata madogari a ɓalle shi daga baya. Wanda ya je Yama ya ga masallacin da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ya san ƙasar nan ba ta rasa masu sanin inda nauyi ke bi ba.

To, a nan gizo ke saƙa. A kan allo malami na zana da'ira da hannu, ya ce "mu ɗauka da'ira ce", kowa ya yarda. Injin ba ya ɗauka. Fayil ɗin da ake ba shi, wanda ake kira STL, bai san lanƙwasa ba sam, alwatika kawai ya sani, dubbai, an jera su gefe da gefe. Saboda haka dole ɗalibi ya amsa: gefe nawa zan ba da'irata kafin ido da yatsa su yarda da'ira ce? Ku ɗauki mai rabin faɗi santimita 5. In ka yi ta da gefe 12, tazarar da ke tsakanin tsakiyar gefe da da'ira ta gaskiya ta kai milimita 1.7, makaho ma zai ji ta. In ka ba ta gefe 60, tazarar ta koma kamar 0.07, ba ta kai rabin kaurin sahu ɗaya ba, ƙari bayan nan ɓata wuri ne kawai. Wannan kosinus ne tsantsa, wanda yara ke tambaya kullum me za su yi da shi.

Sai maganar rufewa. Injin na buƙatar sanin ina ne ciki, ina ne waje, don haka dole fatar siffar ta rufe ruf, kowane gefe ya zama na alwatika biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. Ku gwada da akwati mai fuska shida. Tsini 8, gefe 12, fuska 6: takwas a cire sha biyu a ƙara shida, biyu. Ƙa'idar Euler ke nan ta 1750. In aka raba kowace fuska gida biyu don STL, fuska sun zama 12, gefe 18, tsini na nan 8, amsa har yanzu biyu. Ku yi wa zobe irin wannan ƙirga, za ku sami sifiri. Ɗalibin da ya cire alwatika ɗaya daga akwatinsa zai ga lambar ta koma ɗaya, kuma manhajar yanka, wadda ke raba siffa sahu-sahu don injin, za ta yi masa ƙorafi. Daga ranar ba sai an ce masa ya haddace ƙa'idar ba.

Amma wurin da na fi so shi ne kauri. A lissafi shimfiɗa ba ta da kauri ko kaɗan, abin da ba shi da kauri kuwa ba ya buguwa. Sai ka ba shi milimita ɗaya da rabi ko biyu, kuma daga nan ka san abin da ke hannunka ba ainihin shimfiɗar ba ne, riga ce aka sa mata. Ku ɗauki x² + y² = z². Mazurari biyu ne da suka haɗa tsini a ɗigo guda. In ka buga shi haka, na sama zai faɗi tun bai tashi ba, domin ɗigo ba ya ɗaukar kaya. Me za a yi? A ɗan taɓa ekwasiyon ɗin, a rubuta x² + y² − z² = 4, ana awo da milimita. Ɗigon ya buɗe ya zama wuya mai rabin faɗi milimita 2, siffar ta koma dangin waccan ta zare. A sa −4 maimakon 4, wuyan ya tsinke, ya zama kwano biyu da ba su taɓa juna. A buga uku ɗin, a jera su kan tebur, a ce yaro ya faɗi abin da ke faruwa in lambar na saukowa daga huɗu zuwa sifiri zuwa ƙasa da sifiri. Wallahi na fi son wannan darasi da babi guda na littafi.

Haka ɗamarar Möbius ta 1858, wadda ake murɗa rabi a haɗa bakinta biyu, mai fuska ɗaya. Da takarda da gam an gama ta cikin minti guda, kada wanda ya ɓata mata roba. Siffofi biyar na Aflatun, masu fuskoki iri ɗaya ta ko'ina, kwali ya ishe su. Filasta ma ba baƙuwarmu ba ce, dutsen da ake yin ta da shi a nan jihar ake tono shi ana kaiwa masana'antar siminti ta Malbaza. A bar wa injin abin da hannu ya kasa, kamar jiroyid da Alan Schoen ya bayyana a 1970 yana aiki da NASA, shimfiɗar da ke raba sarari gida biyu masu saƙe da juna ba tare da sun haɗu ba. Yau manhajojin yanka irin su Cura da PrusaSlicer na cika cikin kayan da ake bugawa da ita, don ƙarfinta kusan ɗaya ne ta kowace fuska.

Ga masu shirin saye, ƙasarmu na da nata sharuɗɗa. PLA na fara laushi wajen digiri 60, in aka bar samfuri cikin mota a rufe a watan Afrilu za a tarar ya karkace. Wani zaren roba da ake kira PETG ya fi jure zafi. Ƙurar hunturu na hana sahun farko kama faranti, a goge shi, a rufe injin. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin awa shida, sau da yawa aikin ya tafi, don haka batir da faifan hasken rana sun fi wani injin na biyu amfani, wutar da yake ci ba ta kai ta dutsen guga ba. Kuma in ka ninka girman abu sau biyu, cikinsa ya ninku sau takwas, a fara da ƙarami. Zane kuwa, OpenSCAD kyauta ce, da rubutun lissafi ake gina siffa cikinta, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta.

Daga nan wani dattijo maƙerin farfaru ya tambaya ko robar za ta iya maye kakin zuma wajen zubi.

Baba, ranka ya daɗe, za ta iya, kuma ana yi. Yadda kuke siffanta kurus ɗin Agadas ko na Tawa da kaki, ku lulluɓe da yumɓu, ku gasa kakin ya fita ku zuba azurfa, haka ake yi da PLA. Bambancin shi ne ba ta tsiyayewa da sauƙi kamar kaki, ƙonewa take yi, don haka tana son wuta mai ƙarfi da lokaci mai tsawo, a kuma busa tokar ta fita kafin zubi. Layin sahu-sahu zai fito a jikin ƙarfen, sai an bi shi da magagari. Zaman malamin lissafi da mai sana'a wuri ɗaya ma tsohon abu ne: Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a Bagadaza wajen 998, ya zauna da masu sana'a har ya rubuta musu littafi kan abin da suke buƙata na ilimin siffofi. Ku ba mu awon yatsa, ɗalibai su zana zobe mai murɗa rabi, kaurinsa milimita biyu, mu buga, ku gaya mana inda ya kamata a sa hanyar zuba ƙarfe da ta fitar iska, don wannan ku kuka sani.