Nafkin ko famfas: lissafin yana gindin murhu

[Allon waya, yatsa na jan saƙo sama]

Wannan saƙon dai ya zaga. In kina cikin rukunin WhatsApp na masu jego, ko na dangi irin wanda ba a isa a fita ba, to ya iso gare ki. Wai Turawan Ingila sun yi bincike sun gano nafkin ɗin wanki ya fi famfas ɓata yanayi. Har lambobi aka jero: famfas 550, nafkin 570. Masu shagon famfas suka yi ta turawa, masu ɗinka nafkin suka ce sharri ne.

Ba sharri ba ne, lambobin na gaske ne. Daga rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila na shekarar 2008 aka ɗebo su. Abin da suke nufi shi ne kilo nawa na iskar da ke ɗumama duniya ake fitarwa saboda ƙunzugun yaro ɗaya, daga haihuwa har ya kai shekara biyu da rabi. Sai dai wanda ya haɗa saƙon ya karanta shafin farko ne ya rufe. Mu za mu buɗe na biyu.

[Almakashi na yanka sabon famfas a kan tebur]

Bari mu fara da wannan, ba zai ɗauke mu lokaci ba. Wannan farin da kuke gani ba auduga ba ce, ɓargon itace ne da aka niƙa, galibi daga dazuzzukan Amurka. Waɗannan ƙananan ƙwayoyin masu kama da gishiri, su ne ke shanye fitsari, kuma daga man fetur ake yin su.

[A zuba ruwa, ƙwayoyin su kumbura]

Kun gani. A fitsari suna iya riƙe nauyin da ya ninka nasu kusan sau 30. Bayan nan kuma leda ce, ita ma ɗiyar man fetur. Ke nan mafi yawan hayaƙin famfas an riga an fitar da shi a masana'anta tun kafin katan ɗin ya iso Kantin Kwari ko Singa. Ranar da kika saya, an gama. Yaro ɗaya kuwa, a lissafin rahoton, yana cinye kusan 3,800 kafin ya daina.

[Hannu na ninke nafkin ɗin tawul]

Shi kuma wannan, noman audugarsa da saƙarsa suna da nasu nauyin, amma sau ɗaya ne. Dozin biyu sun ishi yaro. Sauran hayaƙinsa duk a gida ake yin sa, ranar wanki. Wato famfas lambarsa a rufe take, nafkin kuwa lambarsa tana hannun mai wanke shi. Nan ne mutane suke ɓata hanya, kuma nan za mu zauna.

[Rubutu a allo: 570]

Wannan 570 ɗin ta gidan wa ce? Ta gidan Bature ce a 2008. Yana da injin wanki mai dafa ruwa da kansa zuwa digiri 60, wani lokacin ya jefa kayan a injin busarwa saboda rana ta ƙi fitowa. Wutar lantarkin da ke juya injunan, kusan kashi ɗaya cikin uku daga ƙona kwal ake samo ta a lokacin.

Rahoton bai tsaya nan ba, ya ci gaba da canza halin mai wankin yana duba abin da zai faru. Ku kalli yadda lambar ke rawa.

[Lambar na hawa]

In kullum a injin ake busarwa, ta ƙaru da kashi 43 cikin 100. In aka ɗaga zafin ruwa daga digiri 60 zuwa 90, ta ƙaru da kashi 31. In aka haɗa biyun, ƙarin ya kai kashi 75, an doshi kilo 1,000.

[Lambar na sauka]

Amma in aka tara wanki ya cika inji, aka shanya a igiya, aka kuma ajiye nafkin ɗin wa ƙani, sai ta sauka da kashi 40. Ta dawo wajen 340, nesa ƙasa da famfas.

Tawul ɗaya ne, yaro ɗaya ne. Daga 340 zuwa kusan 1,000, abin da ya canza kawai shi ne wutar da aka ƙona wajen dafa ruwa da busarwa.

A 2023 gwamnatin Birtaniya ta sake wannan lissafin. Famfas ya fito da kilo 457, nafkin 345. Injuna sun rage cin wuta, kwal ya ja baya, har ma a watan Satumban 2024 suka rufe tasharsu ta ƙarshe mai amfani da kwal. Saƙon WhatsApp ɗin nan, ban da gutsure magana, ya ma tsufa.

[Tsakar gida, igiyar shanya, rana tsaka]

To mu dawo gida. Mai kyamara, ɗan ɗaga sama a ga ranar nan. Injin busarwar da ke ƙara wa Bature kashi 43, mu Allah ya ba mu nasa kyauta, ba kati ba mita. Injin wanki kuwa, a yawancin gidajenmu hannu ne da baho. Ajiye wa ƙani ma ba sai rahoto ya gaya mana ba, akwai nafkin ɗin da ya raini yara huɗu yana nan da ransa a ƙasan akwati.

Sai mutum ya ce shi ke nan, mun ci. A'a, Hajiya, tsaya tukuna.

[Murhu mai duwatsu uku, tukunya a kai, hayaƙi]

Ga inda tamu matsalar take. Da yawa cikinmu an koya mana nafkin ba ya tsarkaka sai an tafasa. Wasu ma a tukunyar suke jefa shi ya yi ta ɓararraka. Bari mu yi lissafi, kuma wannan lissafin nawa ne, ba na Turawa ba, kowa na iya ɗaukar biro ya bi ni.

Bokiti ɗaya, lita 10. A irin wannan murhun, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin wutar ne kawai ke shiga tukunya, sauran yana dafa iska da ƙafafun mai hura wuta. Don haka kafin lita 10 su tafasa, an ƙona itace wajen kilo ɗaya da rabi.

[Sikeli, ana ɗora itace]

Kowane kilo na busasshen itace, in ya ƙone, yana fitar da iskar kabon, wato iskar nan mai ɗumama duniya, da ta haura kilo ɗaya da rabi. Na san za a tambaya a ƙasan bidiyon nan, ta yaya hayaƙi zai fi itacen nauyi. Amsar ita ce itacen ba shi kaɗai ke tashi ba, yana haɗuwa ne da iskar da wutar ke zuƙa, nauyin biyun ne ke tafiya sama. Ke nan tafasa ɗaya, kilo biyu da rabi.

[Rubutu a allo: 260 × 2.5]

In sau biyu a mako ake yi, cikin shekara biyu da rabi an tafasa sau 260. Kilo 650. Har an wuce famfas ɗin da ake gudu, ba a ma sa noman auduga da sabulu ba. In kuwa kullum ne, lambar ta haura 2,000. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Masana za su ce itace ba kamar fetur ba ne, in wata bishiyar ta tsiro a gurbin wadda aka sare za ta sake zuƙe iskar. Haka ne, in ta tsiro. Ku dubi motocin itacen da ke shigowa gari kowace safiya, ku faɗa min ko kun taɓa ganin motar dashe tana fita.

[Buhunan gawayi a bakin titi]

Gawayi ma ba mafita ba ne. Ya fi tsabta a tsakar gida, amma a irin haɗin gargajiya na binne itace da ƙasa, sai an ƙona kilo 5 ko fiye kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Hayaƙin an bar shi a daji ne kawai. Gas ya fi su duka sauƙi a wannan lissafin, lita 10 ɗin nan ba ta kai rabin kilo na iskar kabon ba. Sai dai wadda ta san kuɗin cika tukunyar gas ba za ta dafa nafkin da shi ba, ni ma ban ce ta yi ba.

[Hannaye a baho, kumfa]

To in ba a tafasa ba, me ke tsarkake shi? Ku bi hoton. Kashin a kakkaɓe shi a masai tun yana sabo. A ɗauraye. A jiƙa da sabulu ko omo. A cuɗa sosai. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin sabulun da ya maƙale shi ke cin fatar yaro, a yi ta zargin nafkin. Sannan a baza shi a igiya, fuskar da ta taɓa jiki tana kallon rana, a bar shi ya bushe ƙarau. Hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta da dama, yana kuma cinye tabon nan mai ruwan ɗorawa.

[Ana juye ruwan wanki]

Ruwan ɗaurayar farko, masai zai tafi. Ba kwata ba, ba gindin rijiya ba. Sannan a wanke hannu da sabulu. Kashin jariri ba ruwan zamzam ba ne, duk da abin da kakanni ke faɗa, yana ɗauke da cuta kamar na kowa.

In ana son ruwa mai ɗumi, ga dabaru biyu da ba su cin ko sisi.

[Baƙar jarka a rana, tukunya a kan garwashi bayan an sauke tuwo]

Jarka baƙa a ajiye ta a rana tun hantsi, zuwa azahar sai an sirka. Ko kuma garwashin da ya rage bayan an sauke girki, wanda dama toka zai zama. A kwanakin jego ma ruwan zafi ba ya yankewa a gida, ragowarsa ya isa.

Akwai ranar da zan ce a hura wutar, kada a ji komai: in yaro na gudawa, ko ƙuraje sun fito masa a mazaunai, ko ana fama da amai da gudawa a unguwa. Ran nan lafiyar yaro ce a gaba, a yi amfani da ruwan zafi, a bi abin da ma'aikatan asibiti suka ce. Abin da nake ja da shi shi ne mayar da tafasawa farilla ta kullum.

[Mai ga-ruwa na tura kura]

Gaskiya ɗaya da masu tallar nafkin ba sa son a faɗa: yana shan ruwa. Rahoton 2023 ma ya nuna ya fi famfas cin ruwa. In jarka-jarka kike saye, wannan kuɗi ne, kuma bayanki ne ke sunkuyo a baho, ba na mai yin bidiyo ba. Maigida, in kana kallo, igiyar shanya ba ta cizo.

[Da sauri: kwalin famfas mai hoton ganye, juji, kwata a toshe]

Saura a gurguje. Famfas mai koren kwali da aka rubuta wai yana ruɓewa: yawanci wani sashe ne kawai na jikinsa, kuma ruɓewar da ake nufi ta masana'antar taki ce mai riƙe zafi wajen digiri 58 na tsawon watanni. Bolar unguwarku ba ta cikin lissafin. A Japan, kamfanin Unicharm ya fara sayar da famfas da aka yi da ɓargon itacen tsofaffin famfas da aka tattara aka tsabtace, a lardin Kagoshima, a 2024. Abin sha'awa, amma sai da garuruwan suka fara ware sharar gida-gida. Mu namu yana nan inda kuke gani, ya kumbura ya toshe magudana, yana jiran ruwan Agusta.

[Kaka ta ɗora jariri a fo]

Wannan kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Duka lambobin can an gina su ne a kan yaron da ke cikin ƙunzugu har shekara biyu da rabi. Tsoffinmu tun yaro bai yi zama da kyau ba suke ɗora shi a ƙafa ko a fo da ya tashi barci. Duk watan da aka rage, an rage wanki, an rage katan, ko wanne kike amfani da shi.

[Hadari, kaya jiƙaƙƙu a igiya]

Da damina in rana ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, ko za a yi doguwar tafiya, ko dare ya yi kina son ki runtsa, sa masa famfas ɗin, ba wanda zai kai ki kotu. Nafkin mai danshi a jikin yaro ya fi kowane lissafi muni. In kin cire, kashin a masai, ki naɗe ki ɗaure ki ba masu kwasar shara. Kada dai a cinna masa wuta a bayan gida, leda ce jiƙaƙƙiya, ba ta ci da kyau, turnuƙewa take yi, kuma ɗakin da hayaƙin zai fara shiga shi ne wanda jaririn ke kwance.