Mel Marshall: Daga Faɗuwar Atina Zuwa Horar da Gwarzon Duniya

Masu kallo, a shekarar 2004, lokacin da ’yan wasa suka hallara a birnin Atina na ƙasar Girka domin gasar Olamfik, babu wata mace a duniya da ta fi Melanie Marshall saurin gama tseren ninkaya na mita 200 a wannan shekarar. ’Yar Birtaniya ce, haifaffiyar garin Boston da ke yankin Lincolnshire na Ingila a 1982, kuma mutanen ƙasarta sun riga sun sa rai za ta koma gida da lamba a wuya. Sai dai ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba. A wannan tsere mutum 16 ne ke shiga zagayen kusa da na ƙarshe, a tace takwas su wuce, ita kuwa ta ƙare a ta 16. Wahalar shekara da shekaru ta tafi cikin kimanin minti biyu, a gaban idon duniya.

Ba ta bar ruwa ba. Bayan shekara biyu, a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Melbourne ta Ostareliya, ta samu lambobi shida, ko da yake babu zinare a cikinsu. Ta sake zuwa Olamfik a Beijin a 2008, daga nan ta yi ritaya tana da shekara 26, ta karɓi aikin babbar kociya a ƙungiyar ninkaya ta birnin Derby.

A wannan ƙungiya ce aka kawo mata wani yaro ɗan shekara 14 daga garin Uttoxeter mai suna Adam Peaty, wanda tun yana ƙarami ya yi fama da tsoron ruwa. Da ta ga yadda yake iyon da ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, bai burge ta ba ko kaɗan. Amma da ya juya zuwa iyon ƙirji, nan take ta gane cewa akwai abin da Allah ya ba yaron. Iyon ƙirji shi ne wanda ɗan wasa ke tura hannayensa biyu gaba a tare, ya buɗe su ya ja ruwa, ya ɗago kai ya shaƙi iska, sannan ya harba ƙafafu kamar kwaɗo. Shi ne mafi rashin sauri a cikin salo huɗu da ake gasa da su, kuma wahalarsa tana wajen daidaita lokaci, domin idan ƙafa ta riga hannu ko ta makara da ƙiftawar ido, ruwan da ya kamata ya tura mutum gaba shi zai tare shi. Irin wannan kuskure ba ya ganuwa ga mai kallo a gida, sai ga wanda ya tsaya a bakin ruwa da agogo a hannu tun da asuba, yana bin ɗan wasa da ido daga wannan bango zuwa wancan. Marshall ta yi wannan tsayuwar shekara da shekaru, mahaifiyar yaron kuma tana tashi cikin duhu ta kai shi atisaye a mota.

Sakamakon ya fito a fili. A 2015 a Landan, Peaty ya zama mutum na farko da ya gama mita 100 na iyon ƙirji ƙasa da daƙiƙa 58. A Olamfik ta Riyo a 2016 ya ci zinare da daƙiƙa 57.13, wanda shi ma sabon tarihi ne a duniya. Maimakon su huta a kan wannan nasara, sai shi da kociyarsa suka sa wa kansu burin sauka ƙasa da daƙiƙa 57, abin da mutane da dama ke gani kamar ba zai yiwu ba, kuma a 2019 a birnin Gwangju na Koriya ta Kudu ya yi 56.88. A Tokyo a 2021 ya sake cin zinare, ya zama ɗan ninkayar Birtaniya na farko da ya kare kambunsa na Olamfik. A lokacin Marshall ta riga ta koma cibiyar horarwa ta ƙasa da ke Loughborough, shi ma ya bi ta can.

A ganina, ba za a fahimci wannan nasara ba sai an koma Atina. Marshall ta san da jikinta cewa zama na ɗaya a takarda ba ya ba mutum lamba, kuma nauyin fatan jama’a yana iya karya ɗan wasan da babu abin da ke damun ƙarfinsa. Shi ya sa horonta bai tsaya ga damtse da numfashi ba, ta kula da halin da zuciyar ɗan wasa ke ciki. Ta ɗauki Peaty zuwa Zambiya, inda ta daɗe tana aikin taimaka wa yara ta hanyar wasanni, domin ya ga rayuwa a wajen tafkin ninkaya. Da ya shiga damuwa a 2023 har ya dakatar da gasa domin ya kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ba ta juya masa baya ba, kuma tare suka sake shiri. Ya kamata a tuna cewa ta yi duk wannan ne a sana’ar da har yau maza ne suka fi yawa a manyan muƙamanta, tana horar da namiji a matakin da ba kasafai ake ganin mace tana jagoranci ba.

A Olamfik ta Faris a 2024, Peaty ya taɓa bango a daƙiƙa 59.05, ya raba azurfa da Nic Fink na Amurka, yayin da Nicolò Martinenghi na Italiya ya riga su da kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa. Washegari gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar korona. Wannan ita ce Olamfik ta ƙarshe da suka yi tare, bayan kusan shekara 15 tana horar da shi. Daga nan Marshall ta koma Ostareliya, ƙasar da ta ci lambobinta shida a cikinta, ta karɓi ragamar horar da ’yan ninkaya a Jami’ar Griffith da ke Gold Coast.