Kowa na son farar motar NGO, wa zai zauna a kan tabarma?

SADIQ: Mun hau? To, Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ba doguwar gaisuwa, don tun ranar Talata wayata ba ta huta ba a kan saƙon yarinyar nan.

MARYAM: Wadda ta gama bautar ƙasa.

SADIQ: Ita fa. Ta karanta ilimin zamantakewa, tana son aikin taimakon iyali da shiga cikin al'umma, amma duk wanda ta tambaya sai ya ce ta haƙura, wai tun da Amurka ta datse kuɗin USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a farkon 2025 harkar ta mutu. Anti Binta, ke kika daɗe a ciki.

ANTI BINTA: Kafin mu je ga ta mutu ko ba ta mutu ba, wane aiki take nufi? Yaran yanzu in sun ce aikin al'umma, abin da ke ransu farar motar ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu (NGO) ce mai doguwar eriya, da riga mai aljihu barkatai, da taron bita a otal. Wannan kam ya ragu, ina da ƙawaye a Maiduguri da aka sallama, kuma abin ya taɓa ni. Amma matar da aka sako da 'ya'ya biyar ba ta ragu ba. Yaron da tamowa ta kama bai ragu ba. Aikin yana nan, mai biya ne ya yi ƙaranci.

MARYAM: Ai mai biyan shi ne maganar, Anti.

ANTI BINTA: Za mu zo nan, ki bar ni. Ni da gida-gida na fara, lokacin foliyo. Kun san abin da ya faru a Kano a 2003, aka dakatar da rigakafin, kuma ko bayan an dawo da shi zukata ba su kwanta ba. Shi ya sa aka koma ɗaukar matan unguwa, don namiji yana zuwa ƙofa zai tarar an rubuta "Ba a shiga", shi ke nan ya tsaya a zaure. Mu ke shiga. Akwai gidan da na je sau bakwai. Na farko maigidan ya ce in na sake dawowa zai sa a watsa min ruwa. Na biyu matar ta ɓoye yaran a ɗakin kishiyarta. Zuwa na huɗu ban ma ɗauko maganar ɗigo ba, na ga ƙaramin yana kwance, jiki rau da zazzaɓi, na ce ta saka mayafi mu je asibiti. Na tsaya mata a layi har aka gan shi. A zuwa na bakwai, maigidan da kansa ya fito da yaran ƙofar gida.

SADIQ: Allahu Akbar.

ANTI BINTA: Ranar da aka sanar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da foliyo na daji, wato asalin ƙwayar cutar shan inna, wallahi mutumin nan na tuna. Manya sun yi jawabi, amma mu mun san tabarmi nawa aka zauna a kai kafin a kai nan.

MARYAM: Da kunu kofi nawa aka sha.

ANTI BINTA: Kai, kada ki tuna min! Duk gidan da ka shiga sai an kawo maka, kuma ba a ƙi. In ka ƙi, an gama da kai, za a ce kana ƙyamar su.

SADIQ: Na tsamiya ko na gyaɗa?

ANTI BINTA: Wanda Allah ya hore musu.

SADIQ: A'a Anti, ki faɗi gaskiya, wanne ya fi?

MARYAM: Na gyaɗa mana, wannan har tambaya ce?

SADIQ: Ke dai da yake mahaifiyarki 'yar Yola ce. Kunun tsamiya da ƙosai mai zafi da safe, me zai kama ƙafarsa?

MARYAM: Wannan ai na azumi ne. Kunun gyaɗa da 'yar shinkafa a ciki, a matsa lemon tsami kaɗan.

SADIQ: Lemon tsami? Kin ga kin dawo wajen tsamin da kike gudu.

MARYAM: Tsami da tsami akwai bambanci, Malam.

ANTI BINTA: Ku duka ba ku sha kunun kanwa na gidan mai jego ba, shi ya sa kuke musu.

SADIQ: Wannan ai ba a ba maza.

ANTI BINTA: Ana ba su, in sun yi ladabi.

MARYAM: Masu sauraro ku turo mana, tsamiya ko gyaɗa. Kada ku saka kanwa, Anti za ta yi maguɗi.

SADIQ: To, mu dawo kan yarinyar mutane. Ta ina za ta shiga?

ANTI BINTA: Ƙofofin suna da yawa, ba a tallata su ne. Akwai ofishin jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Mata, su ke riƙe da gidajen marayu irin na Nassarawa a nan Kano da gidan gyaran tarbiyyar yara na Goron Dutse. Manyan asibitoci suna da sashen walwala, inda ake kai marar lafiyar da ba shi da kuɗin magani ko wanda 'yan uwa suka gudu suka bari a gado. Ta ɓangaren lafiya, wadda ta yi makarantar koyon aikin lafiya ta fito ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ko shirin CHIPS na masu wayar da kan al'umma kan lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, su ma gida-gida suke, da tef ɗin awon damtsen yaro a jaka. In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba a jira gobe. Ga ƙungiyoyinmu na gida irin FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, tun 1985 suke wannan aiki, tun kafin a san wata farar mota. Kuma a ƙarshen 2022 an sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da sana'ar aikin jin daɗin jama'a a Najeriya, ma'ana ana so ta zama kamar aikin jinya, da rajista da ƙa'ida.

MARYAM: Hisbah fa? Don ni a unguwarmu duk rigimar aure can ake kaiwa.

ANTI BINTA: Suna sulhu sosai, su da masu unguwanni, kuma dole ki iya aiki da su. Wanda ya shiga unguwa bai gaida mai unguwa da liman ba, ya ɓata wa kansa lokaci.

MARYAM: Amma Anti, ni abin da ke damuna da sulhun nan, sau da yawa ƙarshensa a ce wa mace ta yi haƙuri ta koma. Ko da an fasa mata baki.

ANTI BINTA: Yauwa. Nan ne ake gane wadda ta koyi aikin da wadda ke da kirki kawai. Kirki yana da kyau, amma bai isa ba. Rigimar cefane, rigimar kishiya, rigimar uwar miji, wannan a zauna a sasanta. Amma in ana dukan da zai iya kai ta kabari, ko an taɓa yarinya ƙarama, babu zancen a rufa asiri a zauren mai unguwa. Asibiti za a fara zuwa, cikin awa 72, don maganin kariya daga cutar HIV bayan nan ba ya aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala don irin wannan. Na taɓa zama da uwa tana kuka tana roƙona in bar maganar, wai wa zai auri 'yarta in aka ji. Na fahimce ta, ni ma uwa ce. Amma na ce mata, Hajiya, wanda ya yi wannan yana nan a layinku, kuma akwai wasu yaran. Mun yi awa biyu kafin ta ɗauko hijabi.

SADIQ: Kuma yanzu akwai dokar kare yara ta Kano.

ANTI BINTA: Ta 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Ta taimaka, amma doka ba ta yin sallama a ƙofar gida, mutum ke yi. Sai kuma amana. Za ki ga cikin gidan mutane, ki san wanda bai ɗora tukunya ba kwana biyu, ki san cutar da maigida ke ɓoyewa. Ranar da kika ba ƙawarki labari a gidan biki, ko kika ɗauki hoton yaro mai tamowa kika saka a Facebook don a yaba miki, ranar kika gama aiki a unguwar nan, har wadda za ta zo bayanki kin rufe mata ƙofa.

MARYAM: To kuɗin fa? Kin ce za mu zo.

ANTI BINTA: Kaɗan ne, ba zan ruɗe ta ba. Na gwamnati albashin ma'aikaci ne, kun san shi. Na sa-kai alawus ne, wani lokaci ko kuɗin Adaidaita bai kai ba. Akwai wata ƙungiya da na yi wa wata huɗu, har yau ban ga sisi ba, kuma da kuɗina nake kai mata asibiti. Shi ya sa nake ce wa yara su nemi takarda a rubuce kafin su fara, su kuma koyi rubuta rahoto da aiki da kwamfuta, don wadda ta iya tabarma ta kuma iya rahoto ita ake riƙewa ko an rage ma'aikata.

SADIQ: Maza fa, muna da wuri?

ANTI BINTA: Sosai. Wa zai zauna da magidanta a majalisa bayan Isha? Wa zai je tsangaya ya yi magana da malam, ko ya bi yaran da ƙwaya ta kama? Mace ta shawo kan uwa, amma in maigida ya ce a'a...

MARYAM: Sadiq, batirin ya yi ja.

SADIQ: Kai! Kuma mun yi alkawarin karanto abubuwa biyar da za ta fara da su.

ANTI BINTA: Ta je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsu ranar Litinin, ta ce tana so ta riƙa bin su fita ko wata uku ne. Sauran huɗun sai wani makon.

MARYAM: Kuma kada ta ƙi kunu.

SADIQ: Na tsamiya. Sai mun ji daga gare ku, Assalamu alai...