Launin Nan, a Fenti Yake ko a Idonka?

[Allo: tabo biyu masu ruwan toka, ɗaya a tsakiyar baƙi, ɗaya a tsakiyar fari]

Jama'a, ku dubi allon nan da kyau. Cikin tabon nan biyu, wanne ya fi haske? Na san za ku ce wanda ke cikin baƙin. To, launi ɗaya ne, ko ɗigo ba a ƙara wa wani ba. Maƙwabcinsa ne ya ruɗi ido.

Duk wanda ya taɓa sayen shadda a kasuwar Sabon Gari ya san ido ba abin yarda ba ne. A cikin shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai ka rantse ruwan toka ce. Ka ce, "Alhaji, bari in leƙa da ita rana." Kana fitowa sai ga ta shuɗi-shuɗi.

Irin wannan rigima ta taɓa tashi a Faransa. A 1824 aka ɗora wani masanin kimiyya, Chevreul, kan marinar masaƙar Gobelins da ke birnin Paris. Ana ta ƙorafi wai baƙin zarensu ba ya kama rini. Ya bincika, ya tarar rini lafiya lau. Ashe shuɗin da ake saƙawa a gefensa ne ke sa baƙin ya yi kamar ya koɗe. A 1839 ya wallafa bayanin abin. Cikin idon mutum akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta auna launi shi kaɗai, sai ta gwada shi da na kusa.

[Allo: ƙofar fadar Zazzau]

Yanzu ku kalli zanen ƙofar fada. Ja kusa da kore, rawaya kusa da shuɗi, kowanne yana ɗaga ɗan'uwansa. Magina ba su jira wani Bafaranshe ya gaya musu ba. Mu ma ai da abin da muka saba gani muke kiran launi: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Wanda bai taɓa ganin garin ɗorawa ba, yaya za ka kwatanta masa?

Wannan ne abin da baje kolin zane-zanen zamani da yawa ke wasa da shi. Ka shiga zaure, babu doki, babu fuskar mutum, sai launi zalla, har ka ce ko yaro ne ya zubar da fenti. Amma Zariya tana da hannu dumu-dumu a lamarin.

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, don sun ce a haɗa dabarar Turawa da fasahar gida, kowa ya koma ya tono ta garinsu. Grillo ya riƙe shuɗi da shunayya, har mutane na kwatanta zanensa da rinin adire na Yarabawa. A gani na, wanda ya tashi yana kallon baba a karofi zai riga baƙo gane wannan shuɗin. A Oktoban 2025 gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe babban baje koli kan zanen zamani na Najeriya, kuma ayyukan 'yan ƙungiyar nan na ciki.

Wani ɗan ƙungiyar, Emmanuel Odita, ya haifi ɗa a Enugu a 1966, Odili Donald Odita, wanda ya girma a Amurka. Shi bango guda yake kamawa ya cika shi da tsaga-tsagan launuka masu kaifi kamar aska a wuyan babbar riga. An baje aikinsa a babban bikin baje kolin zane-zane na birnin Venice a 2007. Ka matsa kusa, fenti ne a kwance. Ka ja baya, sai bangon ya yi kamar yana motsi.

[Allo: jan da'ira]

Bari mu gwada wani abu. Ku ƙura wa jan nan ido, kada ku ƙifta, har in ƙirga talatin. Ƙwayoyin da ke karɓar ja za su gaji. Da na ce "yanzu", allon zai koma fari fat, ku faɗa min launin da kuka gani.

Ɗaya, biyu, uku...