Lacca: Tattalin Aljihu da Kiyaye Muhalli a Harkokin Yau da Kullum

Assalamu alaikum. Ina godiya ga shugaban taro, da ku da kuka bar harkokinku kuka zo. An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai rage kashe kuɗi ta hanyar ɗabi'un da ba sa cutar da muhalli, kuma na tsara abubuwa biyar: wutar lantarki, abinci, ruwa, abin hawa, da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Abin da ya haɗa su shi ne, duk abin da ya fita daga gida a matsayin ɓarna, ko zafi ne, ko hayaƙi, ko shara, sai da aka biya kuɗinsa kafin ya shigo, kuma mai gidan ne ya biya.

Na farko, wutar lantarki, kuma da ƙwan fitila zan fara. Duk wanda ya taɓa kai hannu zai kwance tsohon ƙwan nan mai siririyar waya a ciki, jim kaɗan bayan an kashe shi, ya san irin saurin da ake janye yatsu da shi. Zafin da ya ƙona shi ɗin nan kuɗinsa ne. Wannan ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar gasa wayar har ta yi fari, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ɗan abin da ya rage ne haske. Mita kuwa ba ta bambancewa, duka take ƙirgawa.

Ina roƙon ku fito da wayoyinku mu buga lissafin tare, kada ku tsaya ga maganata kawai. Tsohon ƙwai mai wat 60, idan yana kunne awa 5 kullum, a shekara zai sha kusan yunit 110, tunda yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan LED, wato sabon ƙwan nan mai ƙarancin shan wuta, mai wat 9, wanda haskensu ɗaya, zai sha yunit 16 da ɗan wani abu. Bambancin ya kai yunit 93 a ƙwai guda. Gidan da ke da ƙwai 10 ya tsira da yunit 930 ke nan a shekara, sai kowa ya ninka da abin da ake sayar masa da yunit a inda yake. Na ga wani bawan Allah a gaba yana sake bugawa, ka buga sau uku ma, Malam, amsar ba za ta canja ba.

Ban gama da ƙwan nan ba, domin akwai batun daɗewa. Tsohon yakan yi kamar awa 1,000 ya mutu, wato a lissafinmu na awa 5 kullum ba zai cika wata bakwai ba. LED mai inganci yakan yi awa 15,000 zuwa 25,000, wato ko a mafi ƙarancinsa ya wuce shekara takwas. Ku ƙirga sau nawa za a je sayen sabo a tsakanin, ku kuma ƙirga gilasan da za a watsa a bola. Wannan ɗan ƙwai na LED da muke rainawa bai zo da sauƙi ba. Tun cikin shekarun 1960 masana suke da mai jan haske, daga baya aka samu kore, amma shuɗi ya gagare su kusan shekara talatin, kuma idan babu shuɗi ba a samun farin haske. Sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka shawo kan matsalar, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne, saboda ƙarancin wutar da ƙwan ke sha, ƙaramin faifan sola ya isa ya haskaka ɗakin da wayar lantarki ba ta taɓa zuwa ba.

Zafin nan, ina maimaitawa, kuɗi ne. Ƙwan da ke gasa ɗaki yana sa a ƙara fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, an biya sau biyu ke nan. Abinci mai zafi da aka tura cikin firji yana sa injinsa ya yi ta aiki, haka ma robar ƙofarsa idan ta saki. Tukunyar da ke tafasa babu murfi tana aika makamashin da aka saya sama tare da tururi. Talabijin da aka kashe da rimot, ɗan jan haskensa na kunne, yana nan yana lasar wuta dare da rana har sai an kashe shi a soket.

Na biyu, abinci. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ga kowane mutum. Rahoton ya kuma nuna cewa matsalar ba ta ƙasashe masu arziki kaɗai ba ce. Abincin da aka zubar ya tafi da ruwan da aka shayar da shi, da takin, da man motar da ta ɗauko shi, da makamashin da aka dafa shi, sannan idan ya ruɓe a juji ya fitar da iskar metan mai ƙara ɗumamar yanayi. Maganin ba ya bukatar ko sisi: a duba abin da ke gida kafin a tafi kasuwa, a auna kafin a ɗora, a fara cinye wanda ya riga shigowa.

Na huɗu, ko na uku ne, shugaban taro yana nuna mini agogo, bari in haɗa su. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, alhali sau da yawa 'yar roba ce ta cinye a cikinsa. Tayar mota da iskarta ta ragu tana ƙara shan mai, kuma ita kanta tana saurin cinyewa. Injin da aka bari yana aiki ana jiran wani, mai yake ƙonawa ba a matsa ko taku ɗaya ba. Sai batun leda da... Na'am, Hajiya, ina jin ki.

Ga waɗanda ke baya, tambayarta ita ce: wanda ke neman na yau da ƙyar, ina zai samu kuɗin sayen ƙwai mai tsada, tunda mai arha ne kaɗai hannunsa ke kaiwa? Hajiya, wannan tambaya ta fi abin da ya rage a takardata muhimmanci, kuma gaskiya ce mai ciwo cewa marar hali yakan biya fiye da mai hali, domin yana sayen abu ɗaya sau da yawa. Ba zan ce masa ya canja ƙwai goma rana ɗaya ba. Ya fara da abin da ba a saya: murfin tukunya, kashe soket, awon abinci. Tsohon ƙwai idan ya mutu, a lokacin ne zai maye gurbinsa, kuma ya fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, domin shi ne zai fi saurin mayar masa da kuɗinsa.

Sai dai a yi hattara, araha ba ta ado, kuma jabu ya yi yawa a wannan fanni. LED marar inganci yakan dushe ko ya mutu cikin 'yan watanni, sai mutum ya yanke cewa duk maganar yaudara ce. Idan kin ɗauki kwalin, Hajiya, kada ki tsaya ga wat, domin wat wutar da yake sha yake nunawa. Ki nemi adadin lumen, shi ne ma'aunin haske, kuma lumen 800 ne ke daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Ki kuma tambayi mai sayarwa ko akwai garanti, ki sa ya rubuta miki ranar saye a jikin rasit. Akwai wani hannu a can baya, ranka ya daɗe, idan za a ƙara mana minti biyu.