Tsibirin Da Rabinsa Lambu Ne, Rabinsa Hamada

Jama'a, in kun dubi hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, za ku ga wani tsibiri mai fuska biyu. Tsibirin Santo Antão ke nan, a ƙasar Cape Verde, can cikin Tekun Atilantika, yamma da Senegal. Ɓangarensa na arewa maso gabas kore ne shar, ga rake, ga ayaba, ga mangwaro, har da kofi a kwarin Paul. Ku juyo kudu, wajen garin Porto Novo: dutse ne da jan ƙasa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwar da akuya za ta raɓa ba. Tsakanin wuraren biyu tafiyar awa ɗaya ce ko biyu a mota. Abin da ya raba su kuwa iska ce, kuma iskar da kuka sani ce, domin 'yar ɗakin iskar hunturu ce da ke fasa mana leɓe a Kano da Zinder.

Ga yadda take tasowa. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wato yankin ikwaita, sai iskar wurin ta yi zafi ta tashi sama. A can sama ta bazu arewa da kudu, ta huce, ta sauko a wajen layin digiri 30 daga ikwaita, inda a arewa Sahara take a tudu, a teku kuma kudu da tsibiran Azores. Daga nan ta kamo hanyar komawa ikwaita ta ƙasa. Da duniya a tsaye take, da iskar ta miƙe kudu sak. Amma duniya juyawa take yi, shi ya sa iskar ke karkacewa ta riƙa fitowa daga arewa maso gabas. Wannan ita ce iskar fatake. Ita ta tura jiragen Columbus a 1492, ita kuma jiragen cinikin bayi suka dogara da ita bayan Turawan Fotugal sun kafa garin Ribeira Grande a tsibirin Santiago a 1462.

To, tunda ta biyo ta kan teku, ai ya kamata ta zo da ruwa, ko ba haka ba? Tana ɗauke da laima kam, amma an danne ta. Ruwan da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari ta gaɓar Maroko da Muritaniya mai sanyi ne, yana sanyaya iskar da ke kusa da shi. A samanta kuma, kilomita ɗaya ko biyu, akwai waccan busasshiyar iska mai ɗumi da ke saukowa. Sai ta zama kamar murfi a kan tukunya: tururi na nan a ciki, amma babu hanyar tashi. Gajimare ba ya samun tsayin da zai zama hadari, sai ƙananan farare da ke yawo a jere, ba sa zubar da komai.

Abin da ke karya wannan doka shi ne dutse. Santo Antão na da ƙololuwar da ta kai mita 1,979. Idan iska ta ci karo da irin wannan bango dole ta hau, tana hawa tana hucewa, laimar da ke cikinta ta zama hazo da yayyafi. Wanda ya bi tsohuwar hanyar nan da aka shimfiɗa da duwatsu daga Porto Novo zuwa bakin ramin Cova da ke kan dutsen zai ga abin da idonsa. Ana cikin ƙura da rana, kwana ɗaya za a sha sai ga itatuwan fayin suna ɗigar da ruwa, alhali ba ruwan sama ake yi ba, ganyen ne ke tace hazo. Kafin iskar ta gangara ɗaya gefen ta riga ta sauke kayanta, tana sauka tana ƙara zafi, tana tsotse ɗan abin da ta tarar a ƙasa.

Tsibiran Sal da Boa Vista ba su yi wannan sa'ar ba. A shimfiɗe suke, wuri mafi tsawo a Sal bai fi mita 406 ba, don haka iska wucewa take yi abinta. Ruwan da suke samu a shekara bai kai milimita 200 ba. Kada ku yi mamaki, a layi ɗaya suke da Agadas. Yawancin ruwan shansu daga teku ake tacewa. Ɗan damina da ƙasar ke samu daga Agusta ne zuwa Oktoba, idan kuma ta ƙi zuwa, a da yunwa ce: ta shekarun 1940 ta kashe dubban mutane, ta kori wasu zuwa ƙetare.

Yanzu mu sauka cikin teku. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar ta fi ƙarfi, sau da yawa tana gudun kilomita 30 zuwa 45 a awa, kwana da kwanaki ba ta numfasa ba. Gaɓar da ke fuskantarta kullum cikin tambal-tambal take, igiyar ruwa na dukan duwatsu. Shi ya sa manyan tashoshin jirage, Mindelo da Praia, suke cikin lungun da ƙasa ta kare su. Inda ya fi wuya shi ne mashigin da ke tsakanin tsibirai biyu masu tsawo, kamar na São Vicente da Santo Antão, don iska na matsuwa a ciki ta ƙara gudu. Tsallakawar awa guda ce a jirgin fito, amma mai raunin ciki ya tanadi leda. Masunci mai ƙaramin kwalekwale kan yi kwanaki a gida yana gyaran koma, a daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa garin Santa Maria na tsibirin Sal don wasan zamiya da lema a kan ruwa. A ganina mafi wayo a cikin masu cin moriyarta su ne masu wutar lantarki: tun 2011 kamfanin Cabeólica ya fara kafa fankokin iska a tsibirai huɗu, waɗanda ƙarfinsu a farko megawat 25.5 ne.

Sai ƙura. Idan iskar ta ƙara karkata gabas, kai tsaye daga Sahara take zuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da ƙurar ke tashi shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi. Hazon da ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, irinsa ne ke tsayar da zirga-zirgar jiragen sama tsakanin tsibiran nan a Janairu da Fabrairu.

Da bazara ta wuce lamarin kan juya. Iskar fatake ta lafa, teku ya ɗumama har wajen digiri 27, murfin nan ya yi rauni. Hadarin da kuke gani yana tasowa daga gabas da damina, ya zuba a Maiduguri, ya wuce Sakkwato da Yamai, wani bai mutuwa a tudu. Yana faɗawa teku ta gaɓar Senegal da Gini, ya tarar da ruwa mai ɗumi, ya fara juyawa. Haka guguwar Irma ta haɗu kusa da Cape Verde a ƙarshen Agustan 2017, bayan mako guda ta ragargaza tsibirin Barbuda a yankin Karebiyan. Yawanci irin waɗannan ta kudu suke bi su wuce kafin su ƙosa. Guguwar Fred ce ta saɓa, ta ratsa tsakiyar tsibiran ranar 31 ga Agustan 2015, abin da rabon a gani tun 1892.